Kwanon Bayan Katanga

"Kada ki yi masa tozo," in ji Maharazu. "Shafe shi."

Haulatu na durƙushe gaban buhun alabo, gwangwanin madara a hannunta, garin ya yi tudu a kansa kamar yadda ta saba ɗiba. Ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Tun da aka kawo ta gidan nan bai taɓa tsayawa a kanta tana awo ba. Shi dai nasa ya kawo, nata ta tuƙa.

"Malam, in na shafe ai ba zai zaga ba."

"Zai zaga. Wannan rabin buhun da dawar can, su ne namu har wata ya mutu. In sun ƙare ranar ashirin, to sai mu sha ruwa mu kwanta. Ba ni da wurin da zan je, Haulatu. Ba ni da shi."

Ta sa bayan wuƙa ta shafe bakin gwangwanin, tozon ya zube cikin buhu. Abin da ya zube bai fi cikin tafin hannu ba, amma ita ta san ko rabon wane ne.

Shekara ta biyu ke nan ana yaƙin basasa, kuma duk da ba a harba bindiga ko ɗaya a unguwar Sabo ta Ibadan ba, yaƙin ya shigo kowane madafi. Maharazu ɗaurin goro yake yi. A da can, huhun da ya ɗaure da safe kafin la'asar yana cikin jirgi ya nufi Kano. Yanzu taragu na soja ne, goro sai ya yi ta zama a tashar Dugbe har ya fara baƙi, masu shi su tsaya suna kallo. In ba a ɗaure ba, ba a biya. Ga dawa da gero da ke zuwa daga Arewa sun zama kayan marmari, ga manoman ƙauyukan Ibadan sun tayar da rigimar haraji, doya ma ta yi wuyar shigowa gari. Abin da ya ci Doma dai bai bar Awai ba.

Kuma gidan ya cika. Ban da 'ya'yansu huɗu, Binta da ƙannenta, ga Rahamatu, matar ƙanensa Mahmuda, da nata uku. Daga Anacha suka gudo da kayan jikinsu lokacin tashin hankali. Mahmuda ya ajiye su ya shiga soja, tun daga nan ko gaisuwa ba a ji ba.

Haulatu kuwa mace ce mai hannu. Da ta ga babu wasa, sai ta ɗaura ɗamara. Ta ɗaure zare a wuyan kwalbar manja, kullum ta sauke shi kaɗan, ba ta yarda man ya wuce zaren. Nama ya koma ganda, ganda ta koma ƙashi, ƙashin ma sai ya yi miya biyu kafin a ba yara su gwigwiya. Tuwon dawa zalla ya zama tarihi, sai a cuɗa da alabo, alabon ya fi yawa. Koko ba sukari. In tukunya ta tafasa ta janye itacen ta yayyafa masa ruwa, gobe ya sake aiki. Ƙanzon da a da ake zuba wa kaji, yanzu jiƙa shi ake yi a sa gishiri a karya kumallo. Har mai barkonon da ke shigowa gida da tire, Iya Alata, ta gaji da ita.

"Haba, Hawula, kullum jara, jara. Kin saya na kwabo, kina son jara na sisi."

"To Iya, in ba ki ƙara ba ai gobe ba za ki same ni da rai ba."

Suka yi dariya. A lokacin ana iya dariya da irin wannan magana.

Abu ɗaya ne bai shiga lissafin Maharazu ba, don bai taɓa sa shi a ransa ba: kwanon Inna Zinariya.

Katanga ce tsakanin gidajen biyu, ta ƙasa, ruwan Ibadan ya ci wani wuri a samanta ya yi gurbi daidai kafaɗar mutum. A wannan gurbin kwanon ke zama. Kwano ne mai zanen jan fure, fentin gefensa ya ɓare. Kowace yamma Haulatu ta zuba malmala ɗaya da miya, ta ɗora, ta ce, "Inna, ga shi." Da safe ta tarar da shi a wurin, a wanke, an rufe da faifai. Haka suke tun Haulatu na amarya.

Inna Zinariya tsohuwa ce 'yar ƙasar Zazzau, ta zo Ibadan tun ana zuwa da shanu a ƙafa. Ta yi aure uku, ta binne maza biyu, ta binne duk abin da ta haifa. Sana'arta daddawa, kuma duk Sabo an san babu mai irin tata. Ɗaki ɗaya take haya a cikin gidan wani fatoma mai saukar da fataken shanu, Alhaji Gwadabe. Da cinikin shanu ya mutu, Alhaji ya kwashe iyalinsa ya mayar Arewa, ya garƙame ɗakuna. Cikin gida ya rage ita kaɗai. Shagunan waje 'yan dako ne, su fita tun da asuba su dawo a gajiye, kuma ba sa leƙa cikin gidan mutane.

Ita Haulatu matar kulle ce. Za ta iya shekara ba ta taka ɗakin Inna ba, ko da yake tana jin tarinta, tana jin ƙarar butarta, tana jin lokacin da take faɗa da kaza. Ta katanga suke komai. Ta nan Inna ta koya mata yadda ake yi wa jariri wankan magani, ta nan ta miƙo mata kunun kanwa duk haihuwar da ta yi.

Sai dai tsohuwar na da hali ɗaya, kuma a kansa ba ta jin lallashi. Kwano ba ya dawowa wayam. In ka ɗaga faifan sai ka tarar da wani abu: ƙwallon daddawa, ɗan ƙullin kuka, gutsuren kanwa, ko barkono uku. Akwai ranar da Haulatu ta ce mata, "Inna, don Allah ki daina wahalar da kanki. Ki miƙo shi haka nan."

Muryar tsohuwar ta taso daga bayan katanga, a kausashe.

"Uwar Binta, ni maƙwabciyarki ce ko mai bara?"

"Subhanallahi, Inna."

"To kada ki ƙara. A gidanmu kwanon da ya shigo da abu ba ya fita da iska. Ranar da na mayar miki da shi wayam, ki sani mutuwa na yi."

Daga nan Haulatu ba ta ƙara ba. Gaskiya ma, da zamani ya matse, sai ta daina sayen daddawa gaba ɗaya, ta dogara da ta cikin kwano. Ta lura kuwa daddawar ta canja. Kalwa ta daina zuwa daga Arewa, Inna ta daina dafawa, abin da ke dawowa yanzu iru ne irin na Yarbawa, a ƙunshe cikin ganye, irin wanda ake saye a kasuwar Mokola. Ta ji bambancin a harshenta. Ba ta tambayi kanta da me tsohuwar ke sayensa ba. Mai baki goma a gabansa ba ya yawan tambaya.

Ranar da aka fara shafe gwangwani, malmalar Inna ta zama rabi. Haulatu ta mulmula ta da kyau, ta baje miya a kai don kada a gane. Da safe kwano ya dawo da ƙullin gishiri.

"Uwar Binta, tuwon jiya ya yi daɗi," in ji Inna. "Ya yi mini daidai. Dama tsufa ya rage mini ciki."

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Haulatu ta ji kunya har cikin ƙashinta, ta ce, "Allah Ya ƙara lafiya, Inna," ta koma madafi.

Aka tafi a haka. Abin cikin kwano yana ta ƙanƙancewa: barkono biyu, barkono ɗaya, ɓarin goro, ashana 'yan ƙwayoyi. Sannan wata safiya Haulatu ta je gurbin katanga ta tarar babu komai.

Ta yi sallama.

"Inna, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan." Muryar daga cikin ɗaki take fitowa, ba daga tsakar gida ba. "Kwanonki na nan, ban manta ba. Ki ɗan yi mini haƙuri, akwai abin da nake jira."

A nan ne fa. Da Haulatu ta ce, miƙo shi haka nan, ko ki yi fushi ko kada ki yi. Da ta ce, bar shi, ina da wani kwanon. Da komai ya sauya. Kwanuka ai ba su ƙare a gidan ba. Amma a daren jiya ta auna buhu da hannu, ta ga inda garin ya tsaya, ta ga inda wata yake. Abin da ya fito daga bakinta shi ne:

"Ba komai, Inna. Ba gaggawa."

Da yamma ta raba tuwo, ya zaga, har yara suka ɗan ƙoshi. Rahamatu ta dubi katanga, ta dubi Haulatu.

"Yaya, na Inna fa?"

"Kwanon bai dawo ba."

Rahamatu ta koma kan tuwonta. Mai cin arzikin gidan wani ba ta da bakin cewa a ƙara wani a tukunya.

Washegari ma bai dawo ba. Damina ta yi nauyi a lokacin, irin ruwan nan na Ibadan da ke kwana ya wuni, rufin kwano na ta kiɗa, kaya ba sa bushewa, itace ba ya kamawa. Haulatu ta riƙa gaya wa kanta abubuwa. Ai wataƙila matan gidan liman na aika mata. Ai tana da jere, duk unguwa an san jeren Inna Zinariya, tasoshi da kwanuka tun daga ƙasa har rufi. Mai wannan ba ta kwana da yunwa. Ai ita ce ta ce a yi haƙuri. Duk da haka kullum da safe sai ta je ta gaishe ta, kuma kullum amsar ɗaya ce, sai dai tana ƙara nisa.

"Lafiya lau. Ruwan nan ne dai ya hana. In rana ta fito zan miƙo miki."

Haulatu ba ta gane haɗin rana da kwano ba, ba ta kuma tambaya ba.

Kada a ce zuciyarta dutse ce. Akwai yammar da ta kasa jurewa, ta yanki rabin nata ta sa a wata 'yar tasa, ta miƙe za ta nufi katanga. Sai ƙaramin ɗan Rahamatu, wanda zazzaɓi ya kwantar tun makon jiya, ya buɗe ido ya ce yana son tuwo. Karo na farko ke nan da ya nemi abinci. Uwarsa ta dubi tasar. Haulatu ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Ya cinye tas, ya lashe hannu. Ta ce a ranta, gobe in Allah Ya kai mu.

Goben ta zo da ruwa, jibi ma haka.

Ranar da rana ta fito, da hantsi, Haulatu na shanya a igiya sai ta tsaya da rigar a hannu. Ba ta ji buta ba. Ba ta ji tari ba. Kazar ma ta daɗe ba ta ji ta ba, sai yanzu ta tuna.

"Inna."

Shiru.

"Inna Zinariya, salamu alaikum."

Ta ɗora hannu a gurbin katanga ta yi ɗage, ba ta hango komai sai ƙofar ɗaki a saye da tabarmar da ke rataye.

"Rahamatu, yafa mayafi ki zagaya."

Rahamatu ba ta daɗe ba. Tun daga zaure Haulatu ta ji salatinta, ƙasa-ƙasa, irin na wadda ta riga ta ga gawa da yawa a hanyar Anacha. Ta shigo ta jingina da bango.

"Yaya, sai haƙuri. Jikin ma bai gama sanyi ba."

Aka aika wa Maharazu a rumfar goro, ya zo, ya ce ta je. Haulatu ta fita ƙofar gida, hasken titi ya kashe mata ido. Taku kaɗan ne tsakanin ƙofofin biyu. Ta tsallake kwata, ta wuce shagunan 'yan dako a kulle, ta shiga.

Ta ɗaga tabarmar ƙofa ta tsaya.

Bango ne kawai. Duk inda tasa ta taɓa zama, farar ƙasar ta bar zagayen da ya fi sauran haske, layi bisa layi har sama, babu tasa ko ɗaya. Gadon ƙarfen babu. Tukunyar daddawa babu. Inna na kwance a tabarma, ta fuskanci gabas, ta ja zanenta har wuya, carbi a hannu. Ta shirya kanta tsaf, kamar mai gudun ta ba wani wahala.

Tani, tsohuwar da ke wa matan unguwa wankan gawa, ta iso da ƙwaryarta. Ta dubi bangon ta girgiza kai.

"Ai tun bara take fitar da su, ɗaya-ɗaya. Dillaliya ta gaya mini. Ta biya haya, ta sayi ɗan abin da za ta saya a Mokola. Na ce mata, Zinariya, me kike ci? Ta ce, ina da 'ya a bayan katanga, ba ta taɓa bari na kwana da yunwa ba." Tani ta juyo. "Allah Ya saka miki, yarinya. Kin yi abin da 'ya'yan ciki ba sa yi."

Haulatu ta karɓi ƙwaryar daga hannun Tani. Da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Da suka ɗaga ta don wanka, Haulatu ta sa ƙarfi irin na ɗaga babban mutum, sai gawar ta taso mata kamar damin kara. Tani ta dube ta, ta dubi haƙarƙarin, ta ja zane ta rufe. Mai wanka ba ta faɗin abin da ta gani.

A cikin akwatin katako babu komai sai likkafani, a ninke, da ɗan turare a ƙulle a gefensa. Wannan kam ba ta sayar ba. Maza suka yi sallama daga waje, aka miƙa musu gawar, aka yi mata salla a ƙofar gidan Alhaji Gwadabe. Kafin azahar an dawo daga maƙabarta, kowa ya kama gabansa, don zaman makoki ma sai da abin da za a ba masu zuwa.

Haulatu ce ta tsaya share ɗakin. A bayan ƙofa, inda iska ke ɗan shigowa, ta ga kwanon. An wanke shi, an rufe da faifai. Ta durƙusa ta ɗaga.

Kuɓewa ce, yankakkiya, an yanka ta siriri-siriri yadda ake yi in za a busar. Ba ta rufe gindin kwanon ba ma. Gefen wasu ya bushe, tsakiyarsu da sauran danshi. Ta leƙa tsakar gida, sai ga shi a bakin kwata: tsiron kuɓewa guda ɗaya, dogo, an tsinke duk 'ya'yansa.

Ashe ranar da ake jira ke nan. Ɗanya ai da ta ci abarta, ko da gishiri. Amma busasshiya ita ce abin sa wa a kwano, ita ake dakawa ta yi auki.

Haulatu ta zauna a ƙasa da kwanon a cinyarta. Kuka bai zo ba. Abin da ya zo ya fi kuka ciwo, kuma ta san ya zo ke nan.

Kwana kaɗan bayan haka wata ya mutu. Da la'asar Maharazu ya shigo, ya ɗaga buhun alabo don ya ninke, sai ya ji da nauyi a gindinsa. Ya zazzage a ƙwarya. Ya kusa gwangwani biyu.

Fuskarsa ta saki, rabon da ta saki haka an daɗe.

"Kin ga abin da nake gaya miki? Har da saura. Wallahi kin iya riƙo, Haulatu. Wata mai zuwa ma haka za mu yi, don abin da zan kawo bai kai na wannan ba."

"To, Malam."

Ya fita masallaci. Rahamatu ta leƙa tukunyar miya, ruwa ne da gishiri da barkono ɗaya, manja ya kai ƙarshen zare tun shekaranjiya.

"Yaya, da me za mu kaɗa?"

Haulatu ta miƙe daga gaban wutar. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da kwanon mai jan fure. Kuɓewar ta bushe yanzu, ƙarau. Ta juye a turmi ta daka da kanta, bugu kaɗan ta yi gari, ta kaɗa.

Miyar ta yi yauƙi. Yara suka zagaye akushi ba mai magana, sai ƙarar lashe yatsa. Ƙaramin ɗan Rahamatu ya ɗago da baki duk miya ya ce a ƙara masa, aka ce ta ƙare.

Haulatu ta tura nata gabansa. Ta ɗauki kwanon ta wanke da toka, ta ɗauraye, ta je ta kife shi a gurbin katanga. Hadari ya riga ya haɗo daga wajen Mokola. Tana tsaye ɗigon farko ya faɗo a bayan kwanon, sai na biyu.